AN BAR JAKI ANA DUKAN TAIKI: IN HOTON TALABIJIN YA ƊAUKE, A FARA DUBA RUFI

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a gidajen 'yan'uwanmu mazauna Kurmi, tun daga Agege da Idi-Araba a Ikko, har Sabon Badun, da Shagamu, da Anacha, da Fatakwal. Da zarar hoton talabijin ya fara rawa, ko ya tsaya cik, ko ya ɗauke gaba ɗaya, sai maigida ya tashi ya kai wa akwatin mari a gefe. In hoto bai dawo ba, gobe da sassafe a naɗe akwati cikin zane a kai wa mai gyara. Mai gyara ya jona shi a shagonsa, ya ga hoto garau, amma in ba mai tsoron Allah ba ne ba zai ce maka lafiyarsa lau ba, sai dai ya ce ka dawo jibi. Ka dawo jibi ka biya kuɗin gyaran abin da bai lalace ba, ka kai gida ka jona, ka tarar ciwo yana nan inda ka bar shi. Wannan shi ne Bahaushe ke cewa an bar jaki ana dukan taiki.

Ra'ayina a kan wannan al'amari gajere ne. Hoton da kake gani a ɗakinka tafiya ya yi kafin ya iso gare ka, kuma ya yada zango huɗu a gidanka: eriya ko dish da ke kan rufi, wayar da ta sauko daga can, dikoda, sa'an nan akwatin talabijin. Akwatin nan shi ne zangon ƙarshe, yana zaune a ɗaki cikin inuwa, wasu ma har lulluɓe shi suke yi da ƙyalle mai ado. Eriya da waya su ne masu kwana a waje, rana ta dake su, ruwa ya dake su, iska ta girgiza su. To, in an ce wani ya kwana da mura a gida, wa za a fara zato, mai kwana ɗaki ko mai gadi?

Kada wani ya ce wannan ƙaramar magana ce. Wanda ya baro Katsina ko Gusau ko Azare ya zo Kurmi, nema ya kawo shi, kuma duk nairar da ta fita banza daga aljihunsa, daga kason iyayensa da iyalinsa na gida ta fita. Ban da maganar kuɗi kuma, akwatin nan ga baƙo ya wuce abin hira. Ta nan yake jin labarin gida da harshensa, ta nan yake kallon tafsiri da azumi, kuma ta nan ne 'ya'yansa da aka haifa a nan, waɗanda Yarbanci da Turancin buroka suka cika musu kunne a titi, suke jin Hausa daga bakin wani ba uwa da uba kaɗai ba. Tun da aka buɗe tashar Arewa24 a 2014, akwai gidaje a Kudu da ba don komai suka kafa dish ko eriya ba sai don ita da irinta.

ZAMANI YA JUYA

Marin akwati gado ne daga zamanin da. An buɗe gidan talabijin na farko a ƙasar nan a Badun ranar 31 ga Oktoba, 1959, na Inugu ya biyo baya a 1960, na Kaduna a 1962, sa'an nan a 1977 aka kafa NTA ta haɗe su. A tsarin wancan zamani, in sigina ya yi rauni hoto ba ya ɗaukewa, sai dai ya yi yayyafi kamar an watsa masa gero, ko kuwa mai karanta labarai ya zama biyu, shi da inuwarsa. Sai a sa yaro ya fita ya riƙa juya sandar eriya, na ɗaki suna yi masa kuwwa, ƙara kaɗan, koma baya, tsaya nan. Kuma akwatunan da masu ƙatuwar ƙeya, in wani haɗi ya saki a cikinsu, mari yakan mayar da shi na ɗan lokaci.

Yanzu ba haka abin yake ba. Dikodan DStv, da na StarTimes da ya shigo a 2010, da na GOtv da ya biyo a 2011, da na FreeTV wanda gwamnati ta fara a Jos a 2016 ta kuma ƙaddamar a Ikko da Kano a 2021, duk a tsarin dijital suke aiki. Shi kuwa dijital ba shi da tsaka-tsaki. In sigina ya kai mizanin da ake bukata, hoto ya fito tas. In ya gaza ko da kaɗan ne, sai hoto ya farfashe, murya ta riƙa in'ina, sa'an nan komai ya ɗauke. Saboda haka ɗan noti guda da ya saki a kan rufi yana iya sa mutum ya yi zaton akwatinsa ya mutu. Marin akwatin zamani mai falle ɗaya kuwa ba ya gyara komai, sai dai a garin neman gira a rasa ido.

Abu na farko ke nan, a karanta abin da ke rubuce a fuskar akwati, domin dikoda ba bebe ba ne, yana faɗin ciwonsa. A na DStv da GOtv, lamba E16 ma'anarta kuɗin wata ya ƙare ko ba a buɗe maka tashar ba, wannan kuwa ba aikin mai gyara ba ne. Lamba E48-32 ma'anarta dikoda yana neman sigina bai samu ba, watau maganar eriya da waya ce. In kuwa ko tambarin dikoda bai fito ba, to a duba gajeriyar wayar da ta haɗa shi da akwati, kuma a duba ko yaro ya taɓa rimot ya sauya mashiga daga HDMI zuwa AV. Wanda ba ya karanta Turanci ya kira ɗan makaranta ya karanta masa, matambayi ba ya ɓata.

Ga kuma gwajin da ba ya cin ko kwabo. Danna rimot ɗin dikoda ka shiga shafin saiti. In rubutun ya fito tas da launinsa, to akwatinka lafiyarsa ƙalau, kada ka ɗauke shi daga mazauninsa. A cikin shafin nan za ka sami layi biyu, ɗaya na ƙarfin sigina, ɗaya na ingancinsa. In akwai ƙarfi amma inganci ya faɗi, galibi eriya ko dish ya goce daga saitinsa, ko wani abu ya tare shi. In duka biyun sun koma sifili, galibi waya ta tsinke ko ta fita, ko kuwa ɗan kan da ke gaban dish, wanda masu aikin ke kira LNB, ya mutu. Ya kamata kowa ya rubuta lambobin nan biyu a takarda ranar da hoto ke da kyau, domin ya sami abin kwatanci ranar da ya ɓaci.

RUWAN KURMI BA NA AREWA BA NE

Babban abin da ke ruɗa baƙo shi ne ruwan sama. Wanda ya saba da damina ta 'yan watanni a Arewa, sai ya zo inda ake ruwa mafi yawan shekara, domin ruwan da ke sauka a Fatakwal ya ninka na Kano fiye da sau biyu. Tauraron ɗan Adam da dish ke kallo yana can sama da tsakiyar duniya, nisan kusan kilomita 36,000, kuma kafin saƙonsa ya iso ƙasa ya riga ya yi rauni ƙwarai. Irin zangon da ake aiko shi a kai kuwa, ɗigon ruwa yana shanye shi. Shi ya sa wani lokaci hoto kan ɗauke tun hadari yana gabas, ko ɗigo bai sauka a gidanka ba, domin dish ɗin DStv a ƙasar nan gabas yake duba. Wannan ba ciwo ba ne, maganinsa haƙuri. Hadari ya wuce, hoto ya dawo da kansa.

Amma fa a lura da abu biyu. In yayyafi kaɗan ma yana ɗauke maka hoto alhali na maƙwabcinka yana nan, to dish ɗinka tun asali ba a saita shi sosai ba, ko kuwa ya yi ƙanƙanta. Dish mai faɗin santimita 90 ya fi mai 60 jure ruwa, kuma mazaunin bakin teku ya fi mazaunin Sakkwato bukatar babba. Na biyu, ruwan sama ba ya cin siginar eriya kamar yadda yake cin na dish, domin ita eriya daga dogon ƙarfen tasha da ke nan cikin gari take ɗauka. Saboda haka in eriya kake amfani da ita, kuma duk ranar ruwa hoto ya lalace har ya kwana bai dawo ba, to ruwa ne ke shiga wayarka.

Akwai kuma wani abu da ke faruwa sau biyu a shekara, wajen watan Maris da wajen Satumba, sa'ad da rana kan bi ta bayan tauraron daidai saitin dish, sai ƙarfinta ya danne sigina na 'yan mintoci, kwanaki kaɗan a jere, a kusan lokaci ɗaya. Wanda bai sani ba sai ya kira mai gyara, kafin ya iso hoto ya dawo, shi kuwa ya karɓi kuɗin mota.

WAYA ITA CE MARAINIYA

A cikin zango huɗun nan babu wanda aka raina kamar waya. Mutum zai sayi akwati mai tsada, amma in aka zo kan waya sai ya ce a ba shi mafi araha, alhali kuwa araha ba ta ado. Wayar eriya tana da jan ƙarfe guda a tsakiya, da farar roba ta kewaye shi, da saƙar siraran wayoyi kamar gashi, da baƙar roba a waje. In silin gashin nan guda ɗaya ya taɓa jan ƙarfen tsakiya a wurin haɗi, sigina ya tafi ke nan. In rana ta fasa baƙar robar, ko an bar bakin haɗi a buɗe a kan rufi, ruwa zai bi ta ciki sannu a hankali kamar lagwani, har wata rana ka kwance waya daga bayan dikoda ka ga ta yi kore ko tana ɗiga. Irin wannan waya ba ta gyaruwa, sai canji, kuma kuɗinta bai kai na gyaran akwati ba.

Don haka in za a ja waya, a ja ta guda ɗaya ba ƙulle-ƙulle, a naɗe bakin haɗin waje da salatif mai hana ruwa, kuma kafin ta shiga bango a lanƙwasa ta ƙasa kaɗan domin ruwa ya ɗiga a waje maimakon ya bi ta zuwa ɗaki. Kada a matse ta da ƙofa ko taga. Kuma a kashe dikoda kafin a kwance ko a ɗaura wayar dish, domin ta cikinta ne dikoda ke aika wa LNB wutar da yake aiki da ita.

Mazauna kusa da teku, irin su Obalende da Apapa da Badagiri, suna da ƙarin abokin gaba, watau iska mai gishiri. Ƙarfen da zai yi shekaru a Zariya bai ce uffan ba, a nan tsatsa kan cinye shi da wuri. Noti ya ci tsatsa ya saki, iskar hadari ta zo ta goce dish da faɗin yatsa, shi ke nan. Ɗan giris a kan notuna kafin damina ya wadatar. Haka kuma a riƙa ɗaga kai ana duba gaban dish, domin bishiyar mangwaron da ba ta kai katanga ba shekara uku da suka wuce ta yiwu yanzu ta tare shi, ko maƙwabci ya ɗora bene. Ita eriya kuwa tsawo take so da fuskantar tasha, kuma wanda bai san inda tasha take ba ya dubi inda eriyoyin unguwa suka fuskanta. Eriyar cikin ɗaki a ƙarƙashin rufin kwano wahala ce kawai, domin kwano yana tare sigina.

Sai maganar gidajen haya na ɗaki-ɗaki, inda eriya guda ke ciyar da ɗaki biyar. Zumunci abu ne mai kyau, amma a sani duk inda aka raba waya biyu, kowane ɓangare ƙasa da rabin sigina yake samu. In aka sake rabawa, na ƙarshen layi sai ya tashi da ƙanzo. Wasu kan sayo busta su ƙara, amma busta ba ta ƙirƙirar sigina, abin da ta samu shi take ƙarawa, mai kyau da marar kyau, kuma in gidanka kusa da tasha yake tana iya ɓata abin da ke da kyau. A fara gyara eriya da waya tukuna.

Game da wutar lantarki kuwa, kowa ya san halinta. In ta yi ƙasa, dikoda yakan riƙa mutuwa yana tashi. In an kawo ta da ƙarfi, abin da ta fi ƙonawa shi ne adaftar dikoda, wadda canjinta ba shi da tsada. Saboda haka in dikoda ya ƙi kawo haske, a gwada wata adafta irin tasa daidai kafin a yanke masa hukunci. In ya daskare kawai, a zare shi daga soket na minti ɗaya ko biyu a mayar. In an ɗauke wuta a kashe soket, kada a kunna sai ta zauna, haka ma sa'ad da ake tayar da janareto.

RAI YA FI HOTO

A nan ne nake roƙon mai karatu ya ba ni kunnensa duka biyu. Na ce a fara duba rufi, amma ban ce kowa ya hau ba. A unguwannin da yawancinmu ke zaune, gidaje a cunkushe suke, kuma wayoyin lantarki masu bolt 11,000 ko 33,000 suna ratsawa dab da rufi. Mutum ya ɗaga dogon bututun ƙarfe mai eriya a kai, iska ta rinjaye shi, ko ma bai taɓa wayar sosai ba wuta tana iya tsallakowa. Jiƙaƙƙiyar gora ma ba ta da tabbas. Doka a nan guda ce: in sandar eriya za ta iya kaiwa wayar lantarki in ta faɗi, to ba wurin kafa ta ba ne. Kada a hau rufi da dare, ko ana hadari, ko kwano yana jiƙe, kuma kada a tura yaro don an ga ba shi da nauyi. Wasan ƙwallo ko wasan kwaikwayon da ake gudun kada ya wuce, za a maimaita shi gobe, amma gawar da aka sa a mota zuwa Arewa ba ta dawowa.

Tsawa ma haka. Eriyar da ta fi komai tsawo a gida ƙofa ce gare ta. In hadari ya haɗo, a zare wayar eriya da ta lantarki tun kafin a fara walƙiya, kada a bari sai ana cikinta. Wanda har yanzu yake da tsohon akwati mai ƙeya kuma, kada ya kuskura ya buɗe bayansa, domin a cikinsa akwai wuta fiye da bolt 20,000, kuma takan saura ko bayan an zare shi daga soket.

To, in duk an duba abin da ido ke gani daga ƙasa, an tabbata sai an hau, a kira mai sana'ar. Amma a kira shi da sani. Ka gaya masa abin da dikoda ya rubuta da lambobin da ka gani. Ku yi ciniki kafin ya taka tsani. In ya ce LNB ya mutu, ya ba ka tsohon a hannu. Kafin ya tafi, ya nuna maka layin inganci a fuskar akwati, domin fitowar hoto kawai ba shaida ba ce, dish ɗin da aka saita rabi da rabi yana nuna hoto da rani, sai damina ta tona asirinsa. Mai aikin kirki ba ya jin haushin wannan, hasali ma shi ya fi so, don ba ya son a sake kiransa kyauta.

Daga ƙarshe ina kira ga sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyinmu na Kudu. Kafa dish da eriya sana'a ce da ba ta bukatar babban jari, tsani ne da 'yan sifanu da na'urar auna sigina, kuma yaro mai hankali yana iya koyonta cikin 'yan watanni a hannun gwani. Muna da samari da yawa a Ikko da Badun da ke neman abin yi, ga kuma gidaje da shaguna da ba su ƙirguwa masu bukatar aikin. In kowace unguwa ta ɗauki nauyin koya wa yara biyu ko uku, har da ka'idojin kiyaye rai, kuɗin zai zauna a hannunmu, kuma dattijon da ba ya jin Turanci zai sami wanda zai yi masa bayani da harshensa.

Kafin wannan ya tabbata, kowa ya zama likitan gidansa gwargwadon iko. Damina na tafe ko ta wuce, a zaga bayan ɗaki a dubi waya, a ɗaga kai a dubi sanda, a ɗaure abin da ya saki tun bai faɗi ba. Akwati kuwa a ƙyale shi ya huta da mari. Allah ya kiyaye mana rayukanmu da dukiyarmu, ya sa mu koma gida lafiya, amin.